Rasit ɗin Ragon Diriye

A cikin direbobin tirela 'yan Somaliya na birnin Columbus da ke Amurka, idan ka ce kana neman Diriye sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma ka ce Mai Rago, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka shi: dogon dattijon nan mai jan gemu na lalle, wanda ke zama a kujerar bakin taga a shagon shayin da ke bayan masallaci, yana dafe ƙugu duk sanda zai miƙe.

Sunan ya samo asali ne wata Juma'a, ranar ƙarshe ta watan Janairu. Lambobin tirelolinsa guda biyu za su mutu a ranar, shi kuwa Diriye mutum ne da ba ya son a gan shi yana gaggawa. Sai da ya yi sallar Juma'a, ya zauna ya ci shinkafa da naman akuya da ayabarsa a gefe, ya sha shayi mai citta, sannan ya ɗauki shuɗiyar jakar takardunsa ya nufi ofishin sabunta lambar manyan motoci. Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar, wata dattijuwar Baturiya mai tabarau rataye da igiya, ta duba inshora, ta duba sauran takardu, sannan ta ce ya kawo shaidar biyan harajin manyan motoci, mai hatimi.

Ko kallon jakar bai yi ba. Ya zura hannu a aljihunta inda yake ajiye shaidar kowace shekara, ya zaro takarda ya tura mata yana murmushi.

Matar ta gyara tabarau. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta sake karantawa.

"Yallaɓai," ta ce, "wannan ai rago ne."

"Na'am?"

"Rago. Guda ɗaya. Ga sunan gonar, ga kuɗin yanka da fiɗa."

Da a ce ba wanda ya san shi a wurin, da maganar ta mutu a nan. To, wanda ke tsaye a bayansa Warsame ne, abokinsa tun sansanin gudun hijira, mutumin da ko atishawa ka yi a gabansa sai ya mai da ita labari. Warsame ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ga takardar, ya koma ya jingina da bango yana riƙe ciki don dariya.

Diriye ya zazzage jakar a kan kanta. Ya sami takardar harajin, mai hatimi kuwa, amma ta bara. Matar ta ce wannan ta ƙare tun ƙarshen Yuni, ta bana take so. Ta bana kuwa babu ita, a jakar ko a duniya. Kafin ya gama kiran wayar wadda ke yi masa aikin haraji, an fara sauke labulen tagogi.

Abin da ya sa labarin ya yi wa mutane daɗi shi ne, Diriye ba malalaci ba ne, ba kuma mai wasa da hakki ba. Ya yi shekaru yana tuƙa wa wasu mota daga wannan teku zuwa wancan, yana kwana a bayan kujera, kafin ya sayi tasa. Ko da zai saya ma bai ci bashin banki ba, don gudun kuɗin ruwa. Adashe ya shiga da 'yan uwa, ya jira har kwasarsa ta zo. Shi ne mai yi wa matasan direbobi faɗa a kan taya da birki. Shi ne wanda in ya ce maka "an gama", ba ka sake tambaya.

Harajin nan kuwa kowane mai tirela ya san shi. Sau ɗaya ake biya a shekara, ana buɗewa farkon Yuli, a rufe ƙarshen Agusta, a ba ka takarda mai hatimi wadda in babu ita ba a sabunta maka lamba. Shekarar da Diriye ya sayi motarsa ta farko, Babbar Salla ta faɗo a ƙarshen Agusta. Ya je gona bayan gari ya yanka ragonsa, aka ci nama, washegari wani ya tuna masa da haraji, ya ruga ya biya. Daga nan ya ɗaure abin biyu wuri guda a ransa: a yi layya, a biya wa mota haraji. Har alfahari yake da dabarar. Ya kan ce wa mutane shi ba ya bukatar waya ta yi masa ƙara, wanda ya manta da Salla ne kaɗai zai manta da haraji.

Dabarar ta yi aiki shekara da shekaru. Sai dai ita Salla wata take bi, kowace shekara tana ɗan jawowa baya. Daga Agusta ta gangaro Yuli, daga Yuli ta leƙa Yuni, Diriye na biye da ita hankali kwance. A shekarar da muke magana ta faɗo a tsakiyar Yuni. Bayan an gama rabon nama ya sa sabuwar rigarsa, ya je ɗan ofishin Ubah da ke cikin kasuwar 'yan Somaliya, tsakanin mai sayar da turare da mai aika kuɗi gida. Ubah ɗiyar wani abokinsa ce, ita ke cike masa takardu.

"Baffa, ai ka yi sammako," ta ce tana dariya. "Ba a buɗe na bana ba tukuna. Ka dawo cikin Yuli."

Ya zauna suka gaisa, ta ba shi alewar Salla, ya tambayi lafiyar mahaifinta. Da zai tashi ya zura rasit ɗin ragon da ke aljihunsa cikin jaka don kada ya ɓata. Ya fito da nutsuwar wanda ya sauke nauyi. An yi layya, an je wurin Ubah. A cikin kansa an rufe wannan shafi. Yuli ta zo ta wuce ba tare da wani rago da zai tuna masa ba. Ubah ta aika wa duk abokan hulɗarta saƙon waya, amma Diriye ba ya karanta saƙo, a ganinsa wanda ke da magana zai kira. Cikin Agusta matarsa Dahabo ta tambaye shi ko ya biya harajin motoci, ya ce, "Haba, tun yaushe na je wurin Ubah." Bai yi ƙarya ba. Wannan ma shi ya fi cin sa daga baya.

Da motarsa kaɗai abin ya shafa, da ya sha dariyar Warsame ya wuce. Amma mota ta biyu Samatar ke jan ta. Samatar mutum ne mai sanyi, magidanci, wanda ya yi ta neman aikin da zai riƙa kwana gida har Allah ya sa Diriye ya samo masa: kullum da asuba ya ɗauki kaya daga wani katon sito ya kai Cincinnati, kafin azahar ya dawo. Ba don son jiki yake bukatar haka ba. Mahaifiyarsa Timiro ana yi mata wankin ƙoda a asibiti da rana, duk bayan kwana biyu, ba ta jin Turanci, kuma ta rantse ba za ta shiga motar wanda ba ta san ubansa ba. Samatar ke kai ta, ya zauna da ita, ya dawo da ita. Dillalin da ke ba da wannan aiki kuwa sharaɗi ɗaya ya gindaya tun farko: motar da ta fasa zuwa sau ɗaya, an ba wa wani aikin. Lodi na gaba ranar Litinin ne da asuba. Ofishin lamba ba zai buɗe ba sai hantsin Litinin ɗin.

Ranar Asabar da safe Ubah ta buɗe kwamfutarta ta cike masa takardar. Kafin shayin da ta zuba masa ya huce, shaidar ta fito da hatiminta. Diriye ya zuba wa takardar ido.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa."

"Abin da na kasa yi tun Yuli ke nan?"

Ta juyo masa da allon ta nuna masa sauran: tara ta kowane wata da ya makara, sai kuma wani ɗan layi a ƙasa.

"Wannan fa?"

Ubah ta yi ƙasa da murya. "Kuɗin ruwa ne."

Mutumin da ya jira adashe shekaru don kada sisin ruwa ya shiga motarsa ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Daga nan ya wuce gidan Samatar, don bai ga dacewar faɗin wannan magana a waya ba. Tsohuwa Timiro ce ta fara ganin sa. Tana zaune a kan darduma da bargo a ƙafa, ta sa aka kawo masa shayi da funkason safe da man shanu, ta kama hannunsa da hannayenta biyu.

"Diriye, ɗan albarka. Kullum in na idar da salla sai na sa ka a addu'a. Kai ka dawo mini da yaron nan gida. Da can sai in yi wata ban ga fuskarsa ba, sai murya a waya. Ci mana, me kake jira?"

Ya ci.

A waje, wajen motar Samatar, ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage komai ba. Samatar ya saurara yana kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashi. Bai ɗaga murya ba, ko fuska bai ɓata ba. Da ma ya zage shi, da Diriye ya ji sauƙi.

"Ba komai, Baffa. Kowa na mantuwa." Ya ci gaba da kankare gilashin. "Ni ina ga in tafi kawai ranar Litinin. Wurin awon motoci ɗaya ne a hanyar, kuma da asuba yawanci a rufe yake. Wa zai tsaya karanta lamba cikin duhu da wannan sanyi?"

Diriye ya ce bari ya yi tunani. Kuma ya yi, har fiye da yadda yake son tunawa. Yinin Asabar ya ƙare yana buga waya neman aron mota: wannan tana Texas, wannan tana gareji, ta Warsame ta riga ta kama hanyar Chicago da lodi. Duk wanda ya kira kuwa, kafin ya ce "babu" sai ya tambayi lafiyar rago. Da la'asar ɗin Lahadi ya zauna a falo ya fara lissafa wa Dahabo dalilan da suka sa tafiya ɗaya ba za ta zama komai ba. Tana tsinke ganyen shayi, ba ta ɗago ba.

"Baban Hodan, in an tsare motar, sunan wa za a rubuta?"

"Na kamfani."

"Da na wa?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Kai ka yi mantuwa, shi za a ɓata wa lasisi. To madalla."

Ya tashi ya sa takalmi, ya je filin da suke ajiye motoci, ya zare makullin motar Samatar daga inda suke ɓoye shi ya sa a aljihu. Sannan ya kira shi ya ce, "Ɗana, na riga na ɓata maka abu ɗaya. Ba zan ƙara na biyu ba." Ya kira dillalin ma, ya faɗa masa gaskiya. Dillalin ya ce ya fahimta ƙwarai, ya gode da aka sanar da shi da wuri, ya yi masa fatan alheri. Kafin Diriye ya karɓo sababbin lambobi ranar Litinin, wata farar mota ta wani kamfani ta riga ta isa Cincinnati, kuma ita ke zuwa har yau.

Abin da ya rage wa motar Samatar shi ne irin aikin da ba a rasawa: dogon zango zuwa yamma, mako biyu ko uku a hanya. Samatar ya ce zai yi, zai roƙi wata maƙwabciya ta riƙa raka tsohuwa. Tsohuwa ta ce in haka ne a bar wankin ƙodar, Allah na nan.

A shagon shayi kuwa an kafa majalisa a kan yadda za a yafe wa Diriye tara. Ubah ta ce ana iya rubuta wa ofishin haraji wasiƙa, in akwai uzuri mai ƙarfi sukan sassauta. Nan take uzurori suka yi ta fitowa.

"Ka ce ka kwanta asibiti."

"Ka ce ka je gida ganin mahaifiyarka."

"Mahaifiyarsa ta rasu tun muna sansani, kai."

"To su sun sani ne?"

Warsame ya ajiye kofi. "Ku bar wahalar da kanku. Ya aika musu da cinya ɗaya kawai. Ai sun ga rasit, sun san akwai nama."

Diriye ya bar su suna dariya ya koma wurin Ubah, ya ce ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru.

"Baffa, in rubuta wa gwamnatin Amurka cewa Salla ce ta matsa?"

"A'a. Salla a wurinta take. Rubuta cewa ni ne na ɗaure abu da abin da ba ya tsayawa."

Ta rubuta, cikin Turanci mai ladabi. Amsa ta zo bayan an manta da ita, ita ma da ladabi, cewa wannan ba ya cikin uzurorin da suke karɓa. Ubah ta ji haushi. Shi kuwa har wani sanyi ya ji. Ya biya a ranar, ya ce da sun yafe masa da bai san inda zai kai nauyin ba.

Amma tara ba ta kai tsohuwa asibiti. Diriye yana da nasa ɗan aikin da ya daɗe yana tattali: kai katakan dakon kaya wata ƙaramar masana'anta a Dayton, wurin wani tsohon Bature da suka saba, wanda da ya ji labarin fashin Litinin dariya kawai ya yi ya ce a kawo Talata. Tafiyar safe ce, a dawo a ci abincin rana a gida. Da wannan aiki Diriye ya yi sallama da dogon zango, bayan likita ya duba hoton ƙashin bayansa ya girgiza kai. Ranar Laraba ya kira Samatar filin motoci, ya miƙa masa takardun Dayton.

"Baffa, kai fa?"

"Ni na yi kewar yamma."

"Bayanka fa?"

"Bayana ne ko naka? Karɓi, kana ɓata mini lokaci."

Dahabo ba ta hana shi ba. Ta soya masa nama busasshe cike da gwangwani, ta dafa shayi a babban filas, ta cusa masa matashi biyu a bayan kujera, tana yi tana faɗa. Ta ce mutum da furfurarsa ya je ya mutu a dusar ƙanƙara saboda rago. Da zai tafi ta tsaya a ƙofa har motar ta sha kwana.

Haka Diriye ya koma hanyar da ya rantse ya bar ta. Ya ɗaura wa tayoyi sarƙa a kan duwatsu yatsunsa a ƙage don sanyi. Ya kwana biyu a tashar manyan motoci a Wyoming, iska na jijjiga motar kamar za ta kifar da ita. Azumi ya same shi a hanya, ya riƙa buɗe baki da dabino da shayin da ya huce, yana salla a ɗan filin da ke tsakanin kujera da gado. In ya sauko daga mota sai ya yi tafiyar ruku'u kafin bayan ya yarda ya miƙe. Duk wanda ya kira shi ya ce ya isa haka, sai ya tambayi yadda jikin Timiro yake, in aka ce da sauƙi ya ce to, ya kashe waya. Ita tsohuwar ba a taɓa gaya mata dalili ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta ya daina zuwa Cincinnati ya koma Dayton, kuma ta ce duk ɗaya ne a wurinta, tunda ba ta san ko ɗaya ba.

Sai da zafi ya fara shigowa sannan Warsame, wanda ya ba da labarin ragon a kowace tashar mota daga nan har Seattle, ya zo da labarin wani ɗan gajeren aiki zuwa Toledo da ya ji ana neman mota. Ya ce ba don Allah ya yi ba, shagon shayi ne ya yi shiru babu wanda za a tsokana. Diriye ya karɓa, ya bar wa Samatar Dayton ɗin gaba ɗaya.

Yanzu ranar ɗaya ga Yuli, in Ubah ta zo buɗe ofis takan tarar da shi zaune a bakin ƙofa da shuɗiyar jakarsa. Dahabo ta rubuta ranar da jan alƙalami a jikin firji, Samatar na kiran sa tun jajibiri, shi da kansa ya sa an koya masa karanta saƙon waya. Amma sunan ya riga ya zauna. Sallar da ta wuce, bayan an sauko daga idi an cika shagon shayi, Warsame ya hango shi yana shigowa da ledar nama a hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mai Rago! Ka dai karɓo rasit ko? Ka adana shi da kyau, gwamnati na jira!"

Diriye ya ajiye ledar, ya dafe ƙugu ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Sai da aka kawo masa shayi ya kurɓa.

"Ka daina sa ragon nan a bakinka, Warsame," ya ce. "A duk cikinmu shi kaɗai ne ya zo a kan lokaci."